Gahawar Honarabul

Ranar da Shamsuddeen ya shigo gida rungume da kwali kamar mai jego da jariri, Yaya Rakiya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake. Ta dubi ƙanin nata, ta dubi kwalin, ta ce a ranta Allah ya sa fanka ce. Bazara ta fara buɗe ido a Rano, mai ciwo kuwa shi zafi ke fara gaisarwa.

"Juwairiyya, share min teburin falo," ya ce wa matarsa. "Yau gidan nan ya shiga sahun gidaje."

Shamsuddeen dillalin taki ne mai niyyar tsayawa takara. Bai ci zaɓe ba, ko fom bai saya ba, amma sunan Honarabul ya riga kujerar isowa, shi kuma bai kore shi ba. Rakiya yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijinta ya rasu a Zurgu ta fita takaba, ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ke jikin madafi, kuma tun daga ranar babu taron da zai zauna bai ba da labarin wannan alheri nasa ba. Ta zo da akwati ɗaya da carbi da ciwon suga na shekara tara.

Da yake babu baƙi a ranar, matan gida suka samu izinin shiga falo su ga ikon Allah. Abin da ya fito daga kwalin wani baƙin inji ne mai sheƙi, bai fi butar alwala girma ba, da ɗan hanci a gaba.

"Injin gahawa ke nan," in ji Honarabul, yana shafa shi. "Kala uku na tarar a kantin, can Kano. Akwai mai tulun gilashi, yana yin kofi goma a lokaci guda. Mai kantin ya dage wai shi zan ɗauka, wai shi ne na iyali. Na ce masa ni mai shayin tasha ne? Akwai wani mai niƙa 'ya'yan gahawar da kansa, ƙararsa kamar injin markaɗe. Sai na hango wannan. Na ce wannan fa? Ya ce ai Alhaji wannan na manya ne, kofi ɗaya yake yi tak. Ka jefa ɗan kwanson nan, ka danna, ya zubo maka naka kai kaɗai. Na ce naɗe min."

"Kofi ɗaya?" in ji Rakiya. "To in kana sha mutum ya yi sallama fa?"

"Sai ya jira nasa."

"Ikon Allah. Injin da bai san bismilla ba."

Juwairiyya ta kai bakin mayafi ta toshe dariya. Honarabul bai ji ba, ko kuma ya ji ya bar wa iska. Ya zuba ruwan gora a bayan injin, ya jefa kwanso mai ruwan zinariya, ya soka waya a bango, ya danna. Injin ya yi gurnani sau ɗaya. Sai inbata, na'urar wutar sola, ta tsala ihu daga lungu, fanka ta tsaya, firji ya yi shiru.

Wutar gari a unguwarsu baƙuwa ce, ranar da ta ga dama take leƙowa. Gidan da sola yake rayuwa, da batura biyu da suka ga jiya suka ga yau. A kan wannan 'yar wuta firji yake, firjin kuma a falo yake zaune, ba don can ake girki ba, sai don duk wanda ya shigo ya gan shi. A jikin ƙofarsa, a gurbin da ake jera ƙwai, akwai 'yan kwalabe uku na allurar suga. Rakiya tana yi wa kanta safe da yamma. Malamar asibiti ta ja mata kunne tun ranar farko cewa maganin nan ba ya shiri da zafi, in ya dahu ya zama ruwan banza, ko da kwalba guda ta ɗura wa kanta.

Honarabul ya tsaya ya yi nazari irin na manya. Ya zare wayar firji, ya tayar da inbata, ya sake dannawa. Wannan karon injin ya yi tari, ya tsiyayo wani baƙin ruwa mai kumfa. Ƙamshi ya cika falon, ƙamshi mai daɗi kuwa, ba za a ci amanarsa ba.

"Kun gani? Firjin ne mai hassada."

"Shamsu, allurata tana ciki," in ji Rakiya.

"Minti biyu ne, Yaya. Minti biyu ba ya kashe kowa."

A ranar minti biyun ne. Juwairiyya ta mayar da wayar da hannunta.

Washegari aka kira shi a waya yana tsakiyar kurɓa, ya fice da kofi a hannu bai mayar da wayar firji ba, ya kulle falo saboda injin, ya tafi da makulli garin Kibiya. Sai bayan la'asar ya dawo. Rakiya ta buɗe firji, wani ɗumi ya daki fuskarta kamar ta buɗe tukunyar tuwo. Ta ɗauki kwalba ta ji ta da ɗumi a tafin hannu. Ta yi bismilla ta yi allurar a haka.

Kafin mako ya zagayo labarin injin ya gama gari. Majalisar da ke zama a dakalin ƙofar gida ta tattara ta koma falo. Shitu ne kan gaba, wanda ya naɗa kansa daraktan yaƙin neman zaɓe, sai Malam Ramalan mai rubuta wa Honarabul jawabi, sai duk wanda ke da hula da lokacin ɓatawa. Abin nema ya samu. Kowa sai an yi masa nasa kofin, kowa sai ya zaɓi kalar kwansonsa, mai ja, mai kore, mai ruwan ƙasa, kamar masu zaɓen atamfar biki. Injin kuwa bai san gaggawa ba. Ya yi ɗaya ya huta, a ƙara ruwa, a cire kwanso, a ɗauki hoto. Mutum goma sha biyu sai su cinye hantsi, kafin na ƙarshe ya karɓa na farko ya fara neman zagaye na biyu.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. In maza suna falo, mace ba ta shiga. Wannan dokar gidan ce tun kafin injin, Honarabul yana alfahari da ita. Saboda haka Rakiya tana zaune a ƙofar ɗakinta, tsakaninta da wayar firji bai fi taku ashirin ba, tana jin gurnanin injin da shewar maza, ba ta da ikon ɗaga labule. Sai an kira azahar sun watse take lallaɓawa ta mayar da wayar. A lokacin baturan sun galabaita, firji ya yi nishi na awa ɗaya ko biyu, inbata ta yi kuka, komai ya mutu sai gobe.

Abin da take gani daga mazauninta shi ne Juwairiyya, kullum bayan sun watse, tana fitowa da tire cike da kofuna ta nufi makwarara ta tsuguna.

Ƙishirwa ce ta fara zuwa. Rakiya ta sha moɗa uku ta ji kamar ba ta sha ba. Sai zaryar bayi, har ta daina ajiye buta. Wata safiya ta ga tururuwa sun yi layi a inda ta kama ruwa, gabanta ya faɗi, don ta san wannan layin tun shekara tara da suka wuce. Ta tare ƙaninta yana saka agogo.

"Shamsu, maganin nan ya daina ji na."

"Wane magani?"

"Allurata. Firjin nan yini yake a kashe."

"Yaya, ke ba ki san kimiyya ba. Firji ko an kashe shi yana riƙe sanyi awa goma sha biyu. Injiniya ne ya faɗa min da bakinsa."

"To zo ka taɓa ka ji."

"Ina sauri. Ki rage cin tuwo da dare, shi ne matsalarki."

Tuwon da take ci bai kai dunƙulen hannun yaro ba, amma ta yi shiru. Wanda aka ba ɗaki kyauta, bakinsa ma aro ne. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don Shamsu ɗin nan a bayanta ya yi wayo, ita ta koya masa kama cokali.

Da baturan suka fara mutuwa tun kafin hantsi ya yi, aka kira Haliru mai gyaran wuta. Haliru dattijo ne mai gajeren haƙuri. Ya juya injin ya karanta rubutun gindinsa, ya yi tsaki a hankali. Rakiya tana jin su ta taga.

"Honarabul, ɗan abin nan da kake gani cin wuta irin na dutsen guga yake yi. Baturanka ba za su ɗauke shi da firji tare ba. Ko ka ƙara batura, ko ka haƙura da ɗaya."

"Za a ƙara bayan zaɓen fid da gwani."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan firji ya huta. Ruwan sanyi ma mura yake sa ni."

Haliru ya buɗe firjin don ya duba, ya ga kwalaben. "Wannan na waye?"

"Na Yaya ne."

"To wallahi wannan bai kamata ya kwana a nan ba. Tanda ce wannan yanzu. Mai kemis na bakin titi yana da firji mai sola, ba ya mutuwa. A kai masa ajiya mana, mutane da yawa can suke kaiwa."

Rakiya ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Haliru na fita ta yafa mayafi, ta ƙulle kwalaben a bakin zane. A soro Honarabul ya tare ta.

"Ina zuwa?"

"Wajen mai kemis, in kai ajiya."

"A'a, Yaya. So kike ki kashe ni a siyasa? Mai kemis ɗin nan ƙanin matar abokin hamayyata ne. Gobe a wayi gari ana cewa mai neman wakiltar jama'a ya kasa riƙe maganin yayarsa, sai an kai gidan wani? Har a rediyo sai an faɗa. Ki rufa min asiri."

"Ni wa zai rufa min nawa?"

"Allah mana. Ki riƙa tawakkali. Kakanninmu firji suka sani?"

"Kakanninmu gahawa suka sani?"

Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce Yaya ba ta rabo da barkwanci. Ya karɓi ƙullin daga hannunta cikin ladabi, ya mayar gurbin ƙwai, ya rufe ƙofar firjin a hankali kamar mai gudun sanyi ya fita.

Ta tuna da randa. A Zurgu a gindin randa take ajiye maganin, cikin jiƙaƙƙen yashi, kuma bai taɓa ba ta kunya ba. Ta tambayi Juwairiyya ina randar gidan.

"Ai tun da aka sa tayil ya sa aka fitar da ita, Yaya. Wai ƙauyanci ce."

"Ke ba za ki yi masa magana ba? Ke yake jin taki."

Juwairiyya ta sunkuyar da kai tana murza zobe. "Na yi, Yaya. Ya ce in ban iya zama da 'yar'uwarsa ba in faɗa masa kai tsaye, in daina fakewa da firji. Kin san in ya juya magana."

Juwairiyya ba muguwa ba ce. Tsoro ne da ita, tsoro kuwa a gida yakan yi aikin mugunta ba tare da an biya shi lada ba. Ita ce dai ta aika aka sayo ɗan tulu ranar kasuwa, ta ɓoye shi a bayan ƙofar Rakiya, ta zuba yashi ta jiƙa. Suka kwashe kwalaben suka binne a ciki. Sai dai ihu ne bayan hari. Da Rakiya ta ɗaga kwalba a hasken rana, ta ga ruwan ya yi gudaji-gudaji, wani fari-fari ya manne a jikin gilashin. Ta kai wa Honarabul.

"Girgiza shi za ki yi," in ji shi. "Kowane magani sai an girgiza."

"Na girgiza. Ya mutu, Shamsu. Sabo nake so."

"Jibi zan shiga Kano. In sha Allahu shi ne farkon abin da zan saya."

Jibi ya shiga Kano. Ya dawo da yamma da manyan ledoji biyu, Shitu na biye da shi da ta uku. Rakiya ta dafa bango ta fito. Kwalaye ne na kwanson gahawa, har da sabuwar kala mai ruwan goro wadda aka ce daga Italiya take.

"Allurar fa?"

Ya dafe goshi. "Kash. Wallahi tana raina har na shiga mota. Cunkoso ne ya ɗauke min hankali. Amma ai da saura a kwalbar, ko? Ki lallaɓa da ita zuwa wani satin."

Wani satin aka yi taron masu ruwa da tsaki. Na bayansa aka je gaisuwar mutuwa Dawaki, wadda ba a isa a ƙi zuwa ba saboda mamacin yana da 'ya'ya goma sha tara masu katin zaɓe.

A cikin waɗannan kwanaki ne fason da ke diddigenta na hagu ya buɗe. Faso ne irin na kowace mace da ta yi noma, wanda man kaɗe ke rufewa cikin kwana uku. Wannan ya ƙi rufuwa. Ya yi baki, ya fara ruwa. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ba ya zafi. Tana kallon rami a jikinta kamar a jikin wata. Idonta ya fara hazo, har ta daina tsintar wake don ba ta bambance shi da tsakuwa. Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. In ta idar da salla a zaune sai ta daɗe tana kallon ƙafar, tana tuna irin tafiyar da ta yi da ita, daga Zurgu zuwa kasuwar Rano da tallan ƙuli a ka. Ba mutuwa take tsoro ba. Tsoronta a ce sai an ɗauke ta an kai ta bayi.

Ta nuna wa Honarabul ƙafar. Ya leƙa daga nesa, hannu a hanci.

"Wannan ai sammu ne, Yaya. Ni aka nufa ya faɗa kanki. Zan sa a yi miki rubutu."

Aka kawo rubutu a galan. Ta sha, don ayar Allah ba abin rainawa ba ce, amma ta san abin da jikinta ke nema yana kanti a Kano.

Ranar wata Alhamis da hantsi, falo ya cika har ana zama a hannun kujera, zazzaɓi ya rufe Rakiya. Juwairiyya ta shiga kai mata kunu ta tarar da ita a ƙasa, numfashi sama-sama, ƙafar ta yi baƙi har idon sawu, ɗakin ya ɗauki wari. Ta saki kwanon. A karo na farko tun da aka kawo ta gidan, ta ɗaga labulen falo ta faɗa tsakiyar maza ko mayafi babu.

"Ka taso, Yaya za ta mutu!"

Sai a yi wa Honarabul adalci, ya taso. Ya ma ajiye kofinsa bai kurɓa ba. Shi da kansa ya tallafi kanta zuwa mota, Shitu yana gefe yana ɗaukar hoto, don irin wannan jinƙai bai kamata ya wuce jama'a ba su gani ba.

A asibiti, tana tsakanin farkawa da suma, ta ji likita yana tambaya.

"Tana yin allurarta?"

"Safe da yamma," in ji Honarabul.

"A ina ake ajiye maganin?"

"A firji, likita."

Kuma, a iya saninsa, bai yi ƙarya ba.

Daga nan aka wuce da ita Kano. Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Da ta farfaɗo ta kai hannu za ta sosa ɗan yatsan da ke mata ƙaiƙayi, hannun ya sauka a kan katifa. Ta yi kuka ranar, kuka mai yawa, ba ta ɓoye wa kowa ba. Honarabul ya tsaya a kanta ya ce ƙaddara ce, kuma bawa ba ya wuce ƙaddararsa, sannan ya fita amsa waya.

Bayan mako uku aka dawo da ita gida a keken guragu sabo fil. A bayan keken an manna hoton Honarabul yana murmushi, an rubuta cewa gudummawarsa ce ga masu buƙata ta musamman. Falo ya cika da masu zuwa jaje. Ba ita aka zo yi wa ba, shi aka zo yi wa, saboda irin ɗawainiyar da ya sha. Tun daga soro take jin gurnanin injin.

Juwairiyya ta nufi ɗakin jikin madafi da ita.

"Ba can ba," in ji Rakiya. "Falo za ki kai ni."

"Yaya, da maza."

"Na gani. Tura ni."

A bakin ƙofa takalma sun yi tuli, bibbiyu bibbiyu. Rakiya ta sunkuya ta zare nata ta ajiye a gefe, don ba a shiga falon Honarabul da takalmi. Ta yi sallama. Hira ta tsaya cak. Maza suka shiga gyara zama, ana ta sannu Hajiya, ya jiki Hajiya, Allah ya sa kaffara ne. Ta amsa wa kowa. Idonta ya ɗan washe da sabon magani, ta dubi firjin. Ƙofarsa a buɗe take, an jera kwalayen kwanso a ciki kala-kala, gurbin ƙwai kuma an zuba ƙananan cokula.

"Shamsu," ta ce, "a yi min kofi ɗaya."

Ya yi 'yar dariya yana duban mutane. "Yaya, da ciwonki?"

"Kada ka sa suga. Yadda yake nake so. Wata biyu ina jin ƙamshinsa ta taga, ban taɓa sanin ɗanɗanonsa ba."

Babu yadda zai yi a gaban jama'a. Ya zaɓo mai ruwan goro, ɗan Italiya, ya jefa, ya danna. Falon ya yi tsit, sai tarin injin. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta yi bismilla ta kurɓa. Ta riƙe shi a baki, ta haɗiye.

"Ashe ɗaci ne da shi."

Wani ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mayar da ita tari.

"Malam Ramalan," ta ce, "kai malami ne, ba za ka yi min ƙarya ba. Daɗi yake maka?"

Ramalan ya gyara hula. Ya dubi Honarabul, ya dubi silin. "To, Hajiya, gaskiya ni shayi na fi sabawa da shi. Wannan yakan sa min bugun zuciya."

"Kai fa, Shitu?"

"Ni dai in an cika madara da suga yana shiguwa."

"Ba ya shiguwa," in ji wata murya daga bayan keken. Juwairiyya ce, kanta a ƙasa. "Ni nake wanke kofunan. Babu wanda yake shanyewa. Kullum a makwarara nake zubarwa. Nasa ma kurɓa biyu yake yi ya ajiye."

"Juwairiyya," in ji Honarabul.

"Bar ta," in ji Rakiya. "Kai nake tambaya yanzu. Shamsu, kana son abin nan?"

Ya buɗe baki. Mutumin da ke iya yin awa guda yana jawabi a kan taki ya nemi kalma ɗaya ya rasa. Daga ƙarshe ya ce, "A hankali ake sabawa, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Da ya ce yana so, da ta samu abin riƙewa, ta ce ƙafarta ta tafi a kan abin da ɗan'uwanta ke ƙauna. Ko wannan ba ta samu ba. Hausawa na cewa kowa ya ci shi kaɗai shi kaɗai zai mutu, amma a gidaje da yawa ba haka abin yake ba. Mai ci daban, mai mutuwa daban, kuma mai mutuwar yawanci tana ɗakin jikin madafi, an ce ta yi godiya.

"Da ka faɗa min ɗaci kake nema," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "ga darbejiya nan a ƙofar gida. Da na jiƙa maka ganyenta kullum, kofi goma in kana so, ka sha da mutanenka. Ba ta cin wuta."

 Shitu ya zura wayarsa a aljihu.

Ta ɗaga kofin ta kafa kai. Ta sha a hankali, tana yamutsa fuska, har ta kai ƙasa, ta kifa shi a kan tire don kowa ya ga babu saura.

"Ni ba za a zubar da nawa a makwarara ba. Na san abin da aka ba da aka same shi." Ta goge baki da gefen mayafi. "Juwairiyya, mu je. In kin kai ni ki ɗauki sabuwar allurar ki kai wa mai kemis. In an tambaye ki, ki ce yayar Honarabul ce ta aiko."

Honarabul bai ce a'a ba. Yana tsaye kusa da injinsa, 'yar jar fitilar injin na ƙiftawa, alamar yana neman a ƙara masa ruwa.

A bakin ƙofa Juwairiyya ta tsayar da keken, ta sunkuya cikin tulin takalman maza tana dube-dube. Ta ɗauko na Rakiya, ta ci gaba da ɗaga na mutane tana leƙawa ƙarƙashi.

"Me kike nema?" in ji Rakiya.

Juwairiyya ta tsaya da takalmin a hannu. Sai a lokacin ta tuna.

"Shi ke nan, 'yar nan," in ji Rakiya. "Guda ɗaya ne. Sa min mu tafi."